Takardar Da Soja Ta Ƙi Rubutawa

Wata bakwai ke nan da aka dakatar da maganar auren Auta da Dogo, kuma har yau ba wanda ya fito ya ce an fasa. Da an ce an fasa ma, da ta yi kukanta ta gama. A'a, sai aka bar ta a rataye kamar rigar da aka yanka ba a ɗinka ba.

Ciwo ne ya jawo. Auta tela ce, kuma a kan keken ɗinki abin ya fara nuna kansa. Tana cikin takawa wata rana ƙafarta ta dama ta ce ba ta san zancen ba. Bayan sati biyu idonta na hagu ya koma gani dishi-dishi. Aka yi ta zaryar asibiti, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, daga ƙarshe likita ya ce ciwon jijiyoyi ne da suke kira MS. Garkuwar jikinta ce ta juyo tana cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyinta.

Dogo, da yake mai gyaran wutar lantarki ne, shi ya riga ta ganewa.

"Kamar ɓera ya ci robar waya ke nan," in ji shi.

Likita ya ce ƙwarai kuwa, sai dai wannan wayar ba a naɗe ta da salatif.

A ba shi haƙƙinsa, Dogo bai gudu ba. Mahaifiyarsa Hajiya ce ta ce a dakata tukuna. Shi kuwa ya shiga karance-karance a waya, har ya ci karo da maganar cewa motsa jiki na iya rage wa ciwon gudu. Shi ke nan, ya samu abin riƙewa. Ya sayo mata agogon hannu mai ƙirga taku, ya haɗa da wayarsa. Tun daga ranar, kafin ya ce mata "ina kwana" sai ya ce "jiya dubu huɗu kawai kika yi."

Sai ranar Talata ya zo da sabon zance. Wai Hajiya ta sauko, amma da sharaɗi. A kawo mata takarda da sa hannun likita, cewa idan Auta ta dage da motsa jiki ciwon zai tsaya. Kuma ranar Asabar za ta zo da kanta ta ga yarinyar.

*

Ɗakin motsa jiki yana can ƙarshen barandar asibiti, bayan ɗakin da ake ɗaurin karaya. Akwai kekuna biyu da ba sa zuwa ko'ina, da dogayen ƙarafa biyu da ake dafawa a koyi tafiya, da madubi bango guda, da fanka mai ƙara. Likitar wurin gajeruwar mace ce mai muryar ƙato. Marasa lafiya suka laƙaba mata Soja. Ta sani sarai, kuma ko a jikinta.

Ranar Alhamis Auta ta gama minti goma sha biyar ɗinta a kan keke, amma ta ƙi sauka. Ta jira sai da tsohon da ke koyon tafiya ya fita da matarsa. Kowa a ɗakin nan da mai rako yake zuwa, ita kaɗai ce take zuwa da jakarta.

"Likita, wata alfarma nake nema."

"In dai ta rage minti ce, babu."

"Takarda ce."

Ta zayyana mata komai, kanta a sunkuye, tana murza bakin mayafinta. Soja ta saurara har ƙarshe, sannan ta jawo kujera ta zauna. Auta ba ta taɓa ganin ta a zaune ba.

"Ba zan rubuta ba."

"Don girman Allah, likita. Layi biyu ne fa."

"Ko rabin layi ne. Ke, ɗago ki dube ni. Abin da na sani zan rubuta miki shi yanzun nan, in buga hatimi. Motsa jiki yana ƙara miki ƙarfin ƙafa. Yana rage wannan gajiyar da ke kwantar da ke da rana tsaka. Yana sa ki daina tangaɗi, yana sa zuciya ta yi sauƙi. Ke da kanki shaida ce, watanni uku da suka wuce minti biyar ba kya iyawa."

"To ai shi ne..."

"Ba shi ba ne. Ƙarfin jiki daban, tafiyar ciwon daban. Akwai masu bincike da suka ga alamar yana ɗan kare ƙwaƙwalwa, akwai waɗanda suka duba ba su ga komai ba. Har gobe ana kan binciken. Wataƙila yana rage masa gudu, ina fata, wallahi ina fata. Amma fata ba a sa mata hannu. Maganin da kike sha shi aka yi don wannan aikin, shi ma bai yi wa kowa alkawari ba."

Hawaye suka zubo wa Auta.

"Aurena ne fa, likita."

"Na sani. Shi ya sa ma." Soja ta kama hannunta ta juya agogon. "Mene ne wannan? Taku dubu tara jiya? Wa ya sa ki?"

"Bene nake hawa. Sau shida."

"Sau shida! Ke da kike zaune a hawa na uku? Kashe kanki za ki yi? Na ce miki kaɗan-kaɗan, kullum, da hutu a tsakani. Kuma ki ji ni da kyau, ki kiyayi zafi. Zafin rana, ruwan zafi, duk abin da zai ɗumama jiki. Jijiyar da ta ji ciwo ba ta son zafi, sai ta ɗauke na ɗan lokaci."

Auta ta gyaɗa kai. Amma gaskiya maganar ta bayan kunnenta ta bi. Abu ɗaya kawai ta ji a duk bayanin nan, babu takarda.

*

Shagonta ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Da can ba ya rabuwa da mata, ana awo ana shewa. Yanzu masu kawo ɗinki ƙasa-ƙasa suke mata magana, kamar sun zo gaisuwar mutuwa. Ƙawayenta kuma sun koma turo addu'a ta waya. Ta sayar da keken ƙafa ta sayi na lantarki, shi kaɗai ke surutu a shagon.

Da la'asar Dogo ya shigo da jakar kayan aikinsa, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Ya dubi wayarsa, fuskarsa ta washe.

"Yau kin yi ƙoƙari. Ina takardar?"

"Ta ƙi."

Ya ajiye jakar a hankali.

"Ta ƙi kamar yaya? Ba aikinta ba ne?"

"Ta ce ba a tabbatar ba. Ta ce yana taimako, amma ba za ta ce zai tsayar da shi ba."

"Haba! Ni da idona na karanta. Ba wuri ɗaya ba, ba biyu ba." Ya shiga kai da kawo a ɗan filin da bai wuce taku uku ba. "Duk abin da ya lalace akwai inda ya tsinke, Auta. In an gano wurin an gama. Mutanen nan tsoro ne kawai ya yi musu yawa."

"To ni ya zan yi?"

Ya tsaya. Ya durƙusa a gaban keken, har kansu ya zo daidai. Wannan kallon nasa shi ya sace ta tun ranar da ya fara zuwa gyara mata fitilar shago, ya yi awa biyu a kan aikin minti goma.

"Ki nuna mata da idonta. Ranar Asabar ki sauko ki tarbe ta a ƙasa. Ku hau tare, ba tare da kin dafa ƙarfe ba. In ta ga haka, wace takarda kuma?"

"In ƙafar ta ƙi fa?"

"Ba za ta ƙi ba."

"In ta ƙi fa?"

"Auta, ki daina kawo wannan maganar. Ba za ta ƙi ba."

Ya tafi ya bar ta da ƙamshin turarensa. Ta daɗe tana kallon ƙofa. Ta so a ce ko sau ɗaya ya tambaye ta ko tana jin tsoro, don kuwa tana ji, tsoro mai tsanani, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

*

Tun rasuwar iyayensu Auta take zaune da Yaya, babbar 'yar'uwarta malamar makaranta, a hawa na uku na wani dogon gida. Matakala arba'in da takwas ce daga ƙasa zuwa ƙofarsu. Wanda ke da lafiya bai taɓa sanin adadinsu ba.

Ranar Asabar gari ya waye da zafi. Tun da hantsi Auta ta fara gwaji. Ta sauka ta hau, hannu a gefe, ba dafa ƙarfe. Ta yi na farko lafiya lau, har da murmushi. Ta ce bari ta ƙara don ta tabbata. Ta yi na biyu, ta yi na uku. A na huɗu da jan ƙafa ta ƙarasa.

Sannan ta yi shara, ta goge kujeru, ta tsaya da dutsen guga tana goge rigar da ta ɗinka musamman don yau.

Da azahar Yaya ta same ta a bakin gado tana matsa cinya.

"Ke dai ba kya jin magana. Dubi yadda ƙafar nan ta sandare. Tashi, na dafa miki ruwa."

"Yaya, likita kamar ta ce..."

"Likita ta ce, likita ta ce! Tun kafin a haifi likitar ake gasa jiki da ruwan zafi. Ni da na yini a tsaye a gaban allo, da me kike tsammani nake warware gajiya? Shiga ki gasa ƙafar nan sosai, ki yi wanka, ki fito garau. Surukar taki ta ga mace."

Yaya ba mugunta take nufi ba, Allah ya sani. Ita ce ta sayar da sarƙarta aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar nan. Kuma ƙafar tana ciwo da gaske. Auta ta shiga. Ruwan ya yi mata daɗi, har ta lumshe ido ta ƙara wani bokitin.

Tana ɗaura ɗankwali wayarta ta yi ƙara.

"Mun iso," in ji Dogo. "Sauko."

Tun a saukar ta ji abin ba daidai ba. Ƙafar dama ta yi nauyi, gefen idonta na hagu ya fara dusashewa. Ta ce a ranta, ya Allah, minti biyar kawai nake roƙo.

Hajiya doguwa ce kamar ɗanta, da farin tabarau da jaka a hammata. Auta ta durƙusa ta gaishe ta. Miƙewar sai da ta cije leɓe.

"Lafiya lau, 'yata. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Hajiya. Bismillah, mu hau."

Suka fara hawa, Auta a gaba, Hajiya a bayanta, Dogo a ƙarshe yana kaɗa makullin mota. Hawa na farko ya wuce. Dogo har ya fara tsokana.

"Hajiya, kin ga ta fi ki sauri. Kullum sai ta hau nan sau shida."

Hajiya ta ci gaba da hawa.

A tsakiyar hawa na biyu Auta ta ce wa ƙafarta ɗagu. Ƙafar ba ta ɗagu ba. Ta sake cewa. Yatsun suka ja a bakin matakala, takalminta ya fice ya gangara ƙasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ya tsaya a gaban Dogo. Matakalar ta rabu biyu a idonta. Ta kai hannu ta cafki ƙarfen da ta rantse ba za ta taɓa ba, ta sulale ta zauna.

Hajiya da Dogo suka tsaya cak.

"Santsi ne," Dogo ya yi maza ya ce. "Masu wanke benen nan ba sa..."

"Rufe min baki," in ji Hajiya.

Ta tattare zaninta, ta dafa gwiwa, ta zauna a kan matakalar kusa da Auta, a kan ƙura da komai. Tana haki ita ma.

Auta ta rufe fuska da mayafi. Kukan da take dannewa wata bakwai ya ƙwace.

"Ki yafe min, Hajiya. Ban samo takardar ba. Na roƙi likita ta ƙi. Ta ce motsa jiki yana ƙara min ƙarfi, amma ba wanda ya san ko zai tsayar da ciwon. Wataƙila in shekara ashirin ina tafiya da ƙafata, wataƙila ba haka ba. Gaskiyar ke nan. Na gaji da ɓoyewa, wallahi na gaji."

Hajiya ta cire tabarau.

"Wace takarda?"

Auta ta ɗago.

"Wadda kika ce a kawo. Da sa hannun likita."

"Ni? Ni na ce a kawo takarda?"

Ta juya ta dubi ɗanta. Dogo ya yi tsuru-tsuru, takalmin Auta a hannunsa ɗaya, makulli a ɗayan.

"Hajiya, ai... na ga kamar in kin gani a rubuce..."

"In na gani, ko in ka gani?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmin.

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya. Ta kama hannun Auta ta ɗora a kan cinyarta.

"'Yata, bari in gaya miki abin da ban so faɗa a kan bene ba. Babansu shekara tara ya yi a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni na yi jinyarsa. Na san yadda ake juya babban mutum, na san yadda ake wanke shi ba tare da an kunyata shi ba. Ciwo bai taɓa ba ni tsoro ba, kuma ban ƙi ki don ciwo ba."

Ta nuna Dogo da tabarau.

"Wannan da kike gani, a shekara taran nan ya gyara fankar ɗakin, ya ja wa uban ƙararrawa har bakin gado, gadon ma sau uku yana gyara shi. Amma bai taɓa zama a bakin gadon ba. Sai ya leƙo daga ƙofa ya ce ina kwana, ya gudu. Ba rashin ƙauna ba ne. Ba ya iya kallon abin da ba zai iya gyarawa ba."

"Hajiya, don Allah..."

"Na ce ka yi shiru. Ranar da ya zo min da labarin ciwonki tambaya ɗaya na yi masa. Na ce, idan yarinyar nan ta wayi gari a keken marasa lafiya, za ka iya zama da ita? In za ka iya, gobe a sa rana. In ba za ka iya ba, ka sake ta tun yanzu, kar ka ɗauko 'yar mutane marainiya ka bar ta a tsakiyar hanya. Wata bakwai ina jiran amsa. Kullum sai ya nuna min waya, wai yau ta yi taku dubu kaza."

Auta ta dubi Hajiya. Ashe duk hawa da saukar nan, duk ranakun da ta koma gida tana jan ƙafa, ba don tsohuwar nan ba ne. Ta yi wata bakwai tana tsoron matar da ba ta taɓa ƙin ta ba.

Ta share fuska da bayan hannu. Da idon da ke gani sosai ta dubi Dogo. Yana matakala huɗu ƙasa da su, duk tsawonsa ya zama ƙarami.

"To ga ni," ta ce a hankali. "Ka gan ni a zaune. Wannan na yau zai wuce, ruwan zafi ne da gajiya, zuwa anjima zan miƙe. Amma wata rana wataƙila ba zan miƙe ba. Ba zan daina motsa jiki ba, don ina jin daɗinsa a jikina. Sai dai ba zan iya yi maka alkawari da shi ba. Ka amsa wa Hajiya. Ni ma ina son in ji."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Wallahi yana son ta, ko makaho ya shafa fuskarsa a lokacin zai san haka. Ta ƙura masa ido tana roƙo a zuci, kalma ɗaya kawai, ko da ƙarya ce ma yau za ta karɓa.

"Auta," ya ce, "akwai wani asibitin da na ji labari. Sun ce suna da wata na'ura, idan aka haɗa da motsa jikin..."

Hajiya ta runtse ido, hawaye suka gangaro mata.

Auta ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta miƙa hannu, ya ba ta takalmin, ta sa da kanta.

"Hajiya, ki ɗan ba ni kafaɗa."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta zura hannu ta ƙarƙashin hammatarta, irin riƙon wanda ya san aikin. Dogo ya yunƙuro zai taimaka.

"A'a," in ji Auta. "Ka tsaya nan. In ka samu amsa, ka san ƙofar."

Suka hau a hankali, mai ciwon gwiwa da mai ciwon jijiya, suna hutawa bayan kowace matakala uku. Yaya ta buɗe ƙofa da fara'arta, tana ganin su fara'ar ta ɗauke. Aka zaunar da Auta a kujera, aka kunna mata fanka, aka kawo ruwan sanyi.

Yaya ta kai hannu za ta rufe ƙofa.

"Bar ta a buɗe, Yaya."

Su uku suka zauna. Lemon da aka jera wa baƙi yana kan tebur ba wanda ya taɓa. Benen gidan nan ba ya ɓoye tafiyar kowa, kuma Auta ta san takun Dogo a cikin dubu.

Minti biyar. Minti goma.

Sai ta ji ya motsa. Ta kama hannun kujera. Taku ɗaya, biyu, uku, a hankali, kamar mai ɗauke da kaya.

Hajiya ce ta fara ganewa. Ta jawo kan Auta ta kwantar a kafaɗarta, ta riƙe ta gam.

Ƙasa yake yi.